MU LEƘA DUNIYA: Noiman, Ɗan Masaƙin da Ya Zama Sarkin Magina a Jamus

 

Abin da ya jawo zancenmu na wannan karo wata tsohuwar takardar kuɗi ce. Wani dattijo a nan zango, wanda ya yi shekaru yana neman abinci a Jamus kafin ya dawo, yana kakkaɓe akwatinsa sai ya ci karo da ita a cikin tsohon fasfo. Mak 50 ce, kuɗin Jamusawa na da, kafin su koma kashe yuro a 2002. A fuskarta akwai hoton wani mutum mai kumatu, da farin gashi irin na manyan Turawan da. Muka tambayi dattijon ko wani sarki ne. Ya yi dariya, ya ce shi dai shekara da shekaru yana kashe irinta, bai taɓa tambaya ba. Da muka bi diddigi sai muka tarar ba sarki ba ne, ba kuma shugaban ƙasa ba. Magini ne. Sunansa Baltaza Noiman, Jamusawa suna rubuta shi Balthasar Neumann, kuma daga 1991 har aka daina kashe mak fuskarsa ce a kan wannan takarda.

To, ƙasar da za ta ɗora magini a kan kuɗinta, ai ya kamata a tambaya me ya gina.

An haifi Noiman a watan Janairu na 1687 a garin Eger, wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Cek, ana kiransa Keb. Ubansa masaƙin ulu ne, talaka, mai 'ya'ya tara, Baltaza ne na bakwai. Ba gidan magina ba ne, ba gidan sarauta ba. Yana yaro aka kai shi wurin ubangidansa na wankan baftisma, wanda sana'arsa zubin ƙararrawa ce da sauran kayan tagulla. Kada a raina wannan sana'a. Mai zubin ƙararrawar coci dole ya san lissafi, domin kaurin bakinta da faɗinta da nauyinta su ne ke ba da amo, in ya kuskure kaɗan sai a fasa a sake narkawa. Kuma wanda ya iya zuba ƙararrawa ya iya zuba igwa, tagulla ɗaya ce, tanderu ɗaya.

Al'adar masu sana'a a Jamus a wancan zamani, in yaro ya gama koyo sai ya ɗauki jakarsa ya shiga duniya, yana aiki gari-gari a ƙarƙashin gwanaye har ya ƙware. Haka Noiman ya iso Wurzburg a 1711, yana da shekara 24, baƙo, talakan wani sarki daban, ba shi da kowa a garin. Ya sami aiki a wani gidan zubi. Shekara na zagayowa sai ya yi abin da ya sauya masa rayuwa: ya shiga soja, ɓangaren igwa, a matsayin kurtu. Ba son yaƙi ya kai shi ba. A lokacin ɗan talaka ba shi da wata ƙofa ta koyon aikin injiniya sai ta bariki, domin nan ake koyar da awon ƙasa da zanen ganuwa da lissafin inda harsashin igwa zai faɗa. Wani kyaftin injiniya mai suna Andreas Mula ya ga yaron yana da kai, ya ja shi a jiki. Kuɗin karatu kuwa mutanen garinsu ne suka taimaka, majalisar garin Eger ta ba shi rance. Wannan ya burge mu, domin yaron ya riga ya bar garin, amma ba su ce tunda ya tafi ya ji da kansa ba.

Bai ba su kunya ba. A 1713 ya ƙera wani ma'auni na tagulla mai ƙafa biyu, wanda da shi magini zai fitar da kaurin ginshiƙi da tsayinsa ba tare da dogon lissafi ba. A 1715 ya zana taswirar birnin Wurzburg baki ɗaya. A 1717 yana cikin rundunar Yarima Yujin da ta kewaye birnin Belgirad ta karɓe shi daga hannun Turkawan daular Usmaniyya. Daga nan ya ga Biyana, ya ga Milan, ya buɗe ido.

Sai mu ɗan tsaya mu faɗi irin duniyar da ya shiga. Salon ginin da ake yayi a Turai a lokacin shi ake kira barok. Daga birnin Rum ya taso wajen 1600. Salo ne da ba ya son miƙaƙƙen layi in akwai halin lanƙwasa, ba ya son bango ya zauna haka nan in akwai halin ado: ginshiƙai, ƙubbobi, ruwan zinariya, da zane a rufi har mutum ya ɗaga kai ya ɗauka sama ce ta buɗe. Ya makara kafin ya kama Jamus, saboda yaƙin shekara talatin da aka yi daga 1618 zuwa 1648 ya bar ƙasar kango. Da aka farfaɗo, Jamus ba ƙasa ɗaya ba ce, ƙananan masarautu ne wajen 300, kuma kowane sarki idonsa yana kan fadar Barsai da Sarki Luwi na 14 ya gina a Faransa, kowa yana son tasa.

Wurzburg kuwa irin sarautarta daban take. Bishop ne ke mulki, shi ne shugaban coci, shi ne sarkin ƙasa, yana da soja, yana karɓar haraji. Da yake bishop ba ya aure, ba a gadon kujerar. In ya mutu manyan limaman babbar majami'a ne ke taruwa su zaɓi wani, kuma sau da yawa sukan zaɓi wanda ya saɓa da mamacin don su huta. Masu karatu su riƙe wannan, domin duk hawa da saukar Noiman daga nan suke.

A 1719 aka zaɓi Yohan Filib Faranz na gidan Shonbon. Mutanen wannan gida sun shahara da son gini, har babbansu, Lotar Faranz, bishop ɗin Mainz, yakan ce wata tsutsa ce ta gini take cinsu. Sabon sarki ya hau da sa'a, domin ya kama wani babban ma'ajin gwamnati da cin amana, aka ƙwato wajen gulda 600,000. Nan take ya ce sai sabuwar fada. Kuma ga mamakin kowa, ya ɗauko wannan sojan igwa mai shekara 32, wanda bai taɓa gina wani abin a zo a gani ba, ya damƙa masa aikin. Ranar 22 ga Mayu 1720 aka aza harsashi.

Kada dai a ɗauka an sakar masa mara. Ko kusa. Kowane babba a gidan Shonbon yana da nasa gwani, kuma kowa ya turo nasa. Daga Mainz aka turo Maksimiliyan fon Welsh. Daga Biyana aka turo Lukas fon Hildebrand, maginin fadar babban sarki, wanda ya gina wa Yarima Yujin gidansa, mutum mai ji da kansa, wanda yake ganin Noiman yaro ne. A 1723 kuma aka tura Noiman da kansa Faris ya kai zanen a duba, wurin Robat de Kot, babban maginin sarkin Faransa, da Jamen Bofran. Kowa ya sa alƙalami. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a wajen gini akasin haka aka fi gani, kowa ya ja nasa gefe sai gida ya fito kamar rigar faci. Aikin Noiman shi ne ya karɓi zanen wannan da gyaran wancan da son zuciyar mai gida, ya haɗa su su zama gida ɗaya da zai tsaya da ƙafarsa. A ganinmu nan gwanintarsa take, tun kafin a zo maganar ƙubba da bakan gizo.

Ga misali ɗaya. A zanen farko matakala biyu aka shirya, ɗaya dama ɗaya hagu da zauren shiga. De Kot ya duba ya soke ɗaya. Wani da an yi masa haka sai ya yi fushi, ko ya bi umarni da rabin zuciya. Noiman ya karɓa, ya ce tunda ɗaya ce ta rage, to za ta zama wadda ba a taɓa ganin irinta ba. Za mu dawo kanta.

Shekara huɗu da fara aiki, a 1724, sarki ya mutu kwatsam, bai kwana ko ɗaya a fadarsa ba. Talakawa ba su yi kukansa sosai ba, haraji ya ishe su. Wanda aka zaɓa bayansa, fon Huten, mai tsimi ne, aka ƙarasa kusurwa ɗaya da aka riga aka fara, sauran aka dakatar. Sarki goma, zamani goma. Sai a 1729 kujera ta koma gidan Shonbon, ƙanin na farko, Firidirik Kal, ya hau, ya haɗa Wurzburg da Bambag a hannunsa. Shekara 17 da ya yi yana mulki su ne damanar Noiman.

A wannan tsakani da wuya a ce ga aikin da bai yi ba. Ya jawo wa birnin ruwan sha ta bututu. Ya zauna a hukumar da ke duba duk wanda zai yi gini a gari, ana daidaita tituna, wanda ya gina gida bisa ƙa'ida a ɗauke masa haraji na wasu shekaru. Ya koyar da ilmin gini a jami'ar Wurzburg daga 1731. Ya karɓi hayar wata masana'antar gilashi a daji yana kasuwancinsa, madubai da gilasan tagar fada ma daga can. A 1737, wajen karkatar da kogi a garin Kisingen, aka tono wani marmaro mai ruwan magani wanda har yau mutane ke zuwa sha. In ana biki a fada shi ne mai wasan wuta, tunda albarushi sana'arsa ce ta fari. Ga gadoji, ga ganuwa, ga majami'un ƙauye barkatai. Sarakunan maƙwabta kuma suna aron sa kamar yadda ake aron babbar tukunya ran biki: ya yi wa bishop ɗin Shifaya matakala a fadar Buruksal, ya yi wa na Kolon wata a Burul. Duk wannan yana sanye da kakin soja, a 1741 ya kai kanar. Rabin rayuwarsa a cikin keken doki ya yi ta, daga wannan aiki zuwa wancan, yana rubuta wa iyayen gidansa wasiƙu.

A ƙarshen 1744 aka gama gangar jikin fadar Wurzburg, shekara 24 bayan aza harsashi. Faɗin fuskarta wajen mita 168, ɗakuna fiye da 300. Kuɗin da ta ci ya haura gulda miliyan ɗaya da rabi, a zamanin da lebura ke samun kamar gulda ɗaya a mako. Wannan lissafi ba ma so a wuce shi da sauri. Gidan mutum ɗaya ne, marar mata, marar 'ya'ya, kuma manoma ne suka biya da harajinsu da guminsu. Muna yaba hannun magini, amma ba za mu ce kuɗin ta hanyar kirki aka kashe su ba.

Yanzu ga matakalar. Baƙo yakan shigo da keken dokinsa har cikin zaure, wuri mai duhu-duhu, rufinsa ƙasa-ƙasa. Ya sauka, ya kama hawa. Matakalar ta miƙe ɗaya, a tsakiya ta rabu biyu ta juyo baya, kuma da kowane taki sai haske ya ƙaru, rufi ya yi ta ja da baya, har mutum ya tsinci kansa a ƙarƙashin wani rufi mai faɗin mita 18 da tsawon wajen mita 30, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Maginanmu na gargajiya sun san bakan gizo, sun san ɗaurin guga, za su gane abin da ake nufi. Sai dai namu da azara ake ɗaure shi a cikin laka. Nasu tubali ne da dutse, kowane ɗaya yana jingine da ɗan'uwansa, kuma irin wannan rufi ba ƙasa kaɗai yake danna bango ba, waje yake tura shi. Gwargwadon yadda rufin ya kwanta, gwargwadon ƙarfin turin. Na Noiman kuwa kwantacce ne, kamar an kife dogon akushi. Babu siminti irin na yau, babu kankare da rodi. Dabararsa ita ce ya rage nauyi: ya sa tubali a ƙasa inda ake son ƙarfi, can sama ya sa wani dutse mai ramuka-ramuka marar nauyi, ya kuma ɗaure ginin da ƙarfe.

Jamusawa suna da wani labari da suke bayarwa a kan wannan rufi. Wai Hildebrand ya ce in aka cire katakan tokara rufin bai rufto ba, a rataye shi a ƙarƙashinsa. Wai Noiman ya amsa cewa a kawo igwogi a harba a cikin ɗakin a gani. Mu dai a matsayin labari muka ɗauke shi, irin wanda ake ƙara wa gishiri. Ba a rataye kowa ba, ba a harba igwa ba. Gwajin gaskiya yana nan tafe, sai bayan shekara 200.

Amma aikin da ya fi nuna mana ko wane ne Noiman ba fada ba ce, wata majami'a ce a kan tudu kusa da kogin Main, wadda ake kira ta Waliyyai Goma Sha Huɗu. Kiristocin yankin sun yi imani cewa a 1445 da 1446 wani makiyayi ya ga wahayi a wani wuri a gonar, kuma tun daga lokacin ake zuwa ziyara. To, duk amfanin ginin shi ne wannan wuri ya faɗo daidai tsakiya, inda dogon ɗaki da na gicciye suka haɗu, ƙarƙashin babban rufi. Haka Noiman ya zana, bishop ya sa hannu, aka aza harsashi a watan Afrilu na 1743.

Sai dai kuɗin ba daga aljihun bishop za su fito ba. Gidan 'yan zuhudu na Langhaim ne mai filin, shi zai biya, kuma shugaban gidan yana son araha, domin yana da nasa ginin da ya fi damunsa. Ya sa wani magini mai suna Kirone ya tsaya a kan aikin. Wurin gangare ne, cike shi da daidaita shi kuɗi ne. Kirone ya duba, bai gaya wa kowa ba, ya matsar da ginin gaba ɗaya wajen gabas, sama da tudu, inda ba sai an yi ciko da yawa ba. Duk wanda ya taɓa ba da aikin gini ya yi tafiya ya san irin wannan. Zuwa da kai ya fi aike. Da Noiman ya zo dubawa a watan Disamba, bango ya riga ya tashi, kuma wurin wahayin, wanda dominsa ake ginin, ya fita daga tsakiya ya koma cikin dogon ɗaki, kamar a gina rumfar biki a bar amarya a bakin ƙofa.

Bishop ya fusata, aka kori Kirone. Amma kora ba ta mayar da bango. A rushe, kuɗi sun tafi, kuma mai biya dama ba ya so. A ci gaba a haka, an yi aikin banza. Abin da Noiman ya yi a 1744 shi ne ya bar bangon waje yadda mai kuskure ya aza shi, ya sake tunanin cikin gaba ɗaya. Ya watsar da tsarin da aka saba na dogon ɗaki da mahaɗa. A maimakonsa ya jera ɗakuna uku masu siffar ƙwai, suna shiga cikin juna, babban cikinsu ya kewaye wurin wahayin daidai, da wasu biyu masu da'ira a gefe. Ginshiƙai suka bar jikin bango suka shigo ciki suna zagaye, haske yana shigowa ta bayansu ta tagogi jeri-jeri. Wanda ya tsaya a waje zai ga majami'a mai hasumiya biyu irin wadda ya saba gani. In ya shiga sai ya rasa inda bango ya tsaya, ko'ina lanƙwasa, kuma ƙafarsa da kanta za ta kai shi tsakiya. Masana gini a yau suna sa cikin wannan majami'a a sahun farko na duk abin da aka gina a Turai a ƙarni na 18. Da Kirone bai yi ha'inci ba, da an sami gini mai kyau irin na kowa, shi ke nan. Ba muna cewa a gode wa maha'inci ba ne. Muna cewa gwani ake ganewa ran da aka ɓata masa aiki.

Sai damana ta wuce. A 1746 Firidirik Kal ya mutu, aka zaɓi fon Ingelhaim, mutumin da ba ruwansa da gini, hankalinsa yana wurin masu cewa za su mayar masa da dalma zinariya. Ya tuɓe Noiman daga shugabancin gine-gine. Mutum mai shekara kusan 60, wanda ya ba garin shekara 35 na rayuwarsa, aka ce ya koma gefe. Bai zauna yana ƙorafi ba. Ya yi zanen sabuwar fada domin Biyana, ya yi domin Shitutgat, ko da yake ba a gina su ba, kuma a 1747 ya karɓi aikin wata babbar majami'a a Nereshaim. Shekara uku kacal sabon sarki ya yi ya mutu, zinariya ba ta samu ba. Wanda ya gaje shi a 1749, fon Giraifenkalau, ya mayar da Noiman kan kujerarsa.

Wannan sarki ne ya ɗauko mai zane mafi suna a Turai a lokacin, Tiyefolo, daga birnin Benis. Ya iso a ƙarshen 1750 da 'ya'yansa biyu, kuma a 1752 da 1753 ya cika rufin matakalar nan da zane ɗaya tak, a kan ɗanyen shafe, wanda ya haura murabba'in mita 600. Ya zana sassan duniya huɗu da aka sani, kowanne a siffar mace. Amurka tana kan kada, Asiya tana kan giwa. Afirka kuwa baƙar mace ce mai alfarma a kan raƙumi, ga fatake da ƙunshin kaya, ga hauren giwa, ga jimina da biri, ga wani tsoho da ke wakiltar kogin Nilu. Tiyefolo bai taɓa taka Afirka ba, abin da ya ji ne ya zana, amma mun lura bai manta da fatake ba. An kuma tsara zanen yadda duk sassan duniya za su zama kamar sun zo gaisuwa ne wurin bishop ɗin wani ɗan gari a Jamus. Son girma dai ba shi da ƙabila.

A gefen Turai, can ƙasa kusa da baki, mai zanen ya sa wani dattijo da kakin kanar, zaune a kan bakin igwa, ga kare kusa da shi, yana duban aikinsa kamar wanda ya gaji. Noiman ne. Ranar 19 ga Agusta 1753 ya mutu a Wurzburg yana da shekara 66, watanni kaɗan kafin Tiyefolo ya koma gida. Aka binne shi da girmamawar soja a majami'ar Maryamu da ke bakin kasuwar garin.

Ya bar ayyuka ba a gama ba. Ta Waliyyai Goma Sha Huɗu mutanen da suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun bi zanensa, aka buɗe ta a 1772. Ta Nereshaim ce ta nuna giɓin da ya bari. Ya zana mata ƙubba bakwai, babbar ta tsakiya tana zaune a kan ginshiƙai siriri guda takwas, biyu-biyu a kusurwa huɗu, tsaye su kaɗai ba su jingina da bango ba, kuma duk da dutse ya yi niyyar rufewa. Da ya mutu aka rasa mai ƙarfin halin aza dutse a kan waɗannan ginshiƙai. Ɗansa, Faranz Ignas, wanda shi ma magini ne, ya kawo zanen yadda za a yi, ba a ba shi aikin ba. Daga ƙarshe da katako aka yi ƙubbobin, aka kwantar da su, aka shafe, aka yi zane a kai. Sai 1792 aka buɗe ta. Tana da kyau ƙwarai, amma a 1966 dole aka rufe ta don tsoron kada rufin ya rufto, aka yi ta gyara har 1975.

Wani aikin nasa ma ko ganinsa ba za a yi ba. Babbar majami'ar da ya gina a Munstashuwazak, wadda ta ci shekara 16 ana yi, bayan gwamnati ta ƙwace dukiyar coci a 1803 sai aka sayar da ita, aka yi ta ɓalle duwatsunta har ta ƙare.

Daren 16 ga Maris 1945, saura makonni kaɗan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a Turai, jiragen saman Ingila fiye da 200 suka yi wa Wurzburg ruwan bama-bamai masu tada gobara. Abin bai kai minti 20 ba. Mutum tsakanin 4,000 da 5,000 suka mutu, kusan kashi 90 cikin 100 na tsohon gari ya ƙone. Fadar ma ta kama. Wuta ta bi ta katakan sama ta cinye su, ɗakunan da rufinsu na itace ne duk suka rufta, benaye suka zube. Garwashi da guma-guman katako suka faɗo a kan rufin matakalar nan da aka ce ba zai tsaya ba. Da gari ya waye yana nan, da zanen Tiyefolo a ƙarƙashinsa, da raƙumi da fatake da dattijo a kan igwa. Haka ma rufin manyan zauruka na tsakiyar fadar, waɗanda shi ya ɗaure su da dutse.

Saura ruwan sama, wanda da an bar shi da ya ƙarasa abin da wuta ta kasa. Wani hafsan sojan Amurka mai suna Jon Skilton, cikin waɗanda aka ɗora wa kula da kayan tarihi, ya iso garin a wannan shekara, ya nemo katako da takardar kwalta a lokacin da ko ƙusa wuyar samu take, ya sa aka yi wa wurin rufin wucin gadi. Gyaran fadar bai kammala ba sai 1987. Kafin nan, a 1981, hukumar UNESCO ta riga ta sa ta cikin kayan tarihin duniya.

Da muka juya bayan takardar dattijonmu, sai ga su nan su biyu an zana: matakalar Wurzburg a gefe ɗaya, majami'ar Nereshaim a ɗaya gefen, an tsaga ta biyu ana ganin ƙubbobinta. Mun gaya masa cewa babban bankin Jamus har yanzu yana karɓar tsofaffin mak yana ba da yuro, tasa za ta kawo masa yuro 25 da 'yan kai. Ya karɓi abarsa ya sake dubawa, ya ce tunda ɗan masaƙi ne, shi ma kakansa masaƙi ne, a bar masa ita. Ya mayar cikin fasfo.